Kofin da Ba a Zubarwa

Hashim ya fara ganin Zaituna a Kasuwar Kurmi, a layin masu kayan ƙamshi, lokacin da yake tsaka da musu da wani dattijo a kan ganyen shayi.

Watansa biyu da dawowa daga ƙasar Sin, inda ya yi shekara bakwai yana karatun injiniyan lantarki. Ya dawo da digiri biyu, da shan shayi babu sukari, da kuma tabbacin cewa duk Kano babu wanda ya san shayi.

Ya sunsuna ganyen ya ce, "Baba, wannan ai ya tsufa. Ya fi shekara biyu a buhu."

Mai rumfar ya ce, "Ni ma na tsufa, ga ni kuma ina aiki."

Wata ta yi dariya a bayansa. Ya waiwayo. Doguwa ce, baƙa, da hijabi ruwan toka, tana riƙe da 'yar takarda.

"Malam, in ka gama wa'azin a auna mini riɗi," ta ce. "Na baro kwaɓi a gida."

Ya matsa gefe. Aka auna mata riɗi mudu biyu, da citta, da kanumfari, da kirfa. Shi kuwa ya manta da abin da ya kawo shi.

"Duk wannan na gida ɗaya ne?"

"Na sana'a ne. Gireba, alkaki, dubulan. Oda ake bayarwa."

"To ina so."

"Wanne?"

Shekara bakwai ta goge masa abubuwa da yawa, har da bambancin alkaki da dubulan. Ya ce, "Gireba. Guda ɗari."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Biki za ku yi?"

"Ina fata."

Ta karanto masa lambar waya, ta ce ta kasuwanci ce, ba a kira bayan magariba.

Bai kira ba. Saƙo ya tura, ranar da girebar ta isa gidansu a Gwammaja.

"Salam. Kaya sun iso lafiya. Umma ta ɓoye rabi, wai na baƙi ne. Ba mu da baƙi."

Ta amsa: "Ka ci sauran da shayinka marar sukari, Ɗan Sin. Allah ya ba ka haƙuri."

Sunan ya bi shi daga ranar. Shi kuma da ya fara zuwa zance gidansu a Kabara, ya lura kullum hannunta na ƙamshin na'a-na'a, don ita ke tsinko wa mahaifinta daga tukwanen da ta shuka a tsakar gida. Sai ya raɗa mata Na'a-na'a. Ta ce sunan banza ne. Ba ta hana shi ba.

Wata huɗu yana zuwa, Alhamis da Lahadi, tsakanin magariba da isha'i. Yana ba ta labarin dusar ƙanƙara da jirgin ƙasa mai gudu, tana ba shi labarin matan da ke cewa a rage musu kuɗin alkaki don biki na marainiya ne, alhali uban amarya na raye. Ya samu aikin haɗa sola a gidaje, yana rufa wa kansa asiri. Wata rana ya ce mata, ba tare da wani ado ba, "Ni fa aurenki zan yi."

Ta ce, "Na sani. Tun daga gireba ɗari."

Bayan mako guda ta turo masa saƙo da safe.

"Baba ya ce ka zo gobe bayan la'asar, yana son ganinka. Ka cire takalmi tun daga nesa. Shayi kofi uku ne, kada ka tashi kafin na uku. Kuma don Allah, Ɗan Sin, kada ka ce sukari ya yi yawa."

"Ki kwantar da hankalinki, Na'a-na'ata. In dai shayi ne, an zo gidana."

Abu ɗaya ta manta ba ta gaya masa ba. Ba ta taɓa tunanin akwai wanda bai san shi ba.

Malam Isiyaku, mahaifin Zaituna, tsohon mai fataucin fata ne tsakanin Kano da Agadas. A can ya koyi shayi irin na Buzaye. Shekara talatin ke nan kullum bayan la'asar yake shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, ya hura kurfoti, ya ɗora 'yar butarsa, abokansa su kewaye shi. Ba mai yawan magana ba ne. Mutanen unguwa sun ce in kana son sanin abin da ke ransa, ka kalli hannunsa.

Hashim ya tarar da mutum shida a tabarmar. Akwai Malam Kabiru, tela mai barkwanci, aminin mai gidan. Akwai kuma Mikail, ɗan ƙanwar Malam Isiyaku, mai shagon yadi a Kantin Kwari, wanda ya tashi a kan tabarmar nan, kuma kowa ya san ya daɗe yana son Zaituna.

Aka gaisa. Malam Isiyaku ya shiga gida ya fito da wani tsohon gwangwani. A ciki akwai ƙullin tsumma. Ya kwance a hankali. Koren ganye ne, nannaɗe ƙanana kamar 'ya'yan kuɓewa, bai fi cikin tafin hannu ba.

Malam Kabiru ya rage murya. "Na Attahiru ne?"

Malam Isiyaku ya gyaɗa kai, ya juye duka a buta.

Ya zuba tafasasshen ruwa kaɗan, ya jira kamar minti guda, ya tsiyaye shi a ƙaramin kofin gilashi. Ruwan ya fito garau, launin zuma. Ya ajiye kofin a bakin tire, kusa da gwiwar Hashim, ya juya yana fasa sukari.

Hashim ya gane abin nan da nan. A ƙasar Sin ruwan farko wankin ganye ne, ba a shansa, zubarwa ake yi. Ya yi hakan sau dubu. Ga dama ta samu ya nuna ladabi, ya kuma nuna shi ma ya san hannu. Ya ɗauki kofin, ya miƙe, ya juye a kwata, ya dawo ya ajiye shi a mazauninsa.

Hira ta tsaya cak.

Malam Isiyaku ya dubi kofin. "Me ka yi?"

"Wankin ganyen ne, Baba. Na zubar."

Malam Kabiru ya dafe kai. "Yaro, wannan shi ne ran shayin. Na biyu ake zubarwa. Na farko ajiye shi ake yi, a mayar da shi buta. Duk ɗanɗanon yana ciki."

Mikail ya sunkuyar da kai. Kafaɗunsa na motsi.

Malam Isiyaku ya mayar da butar kan wuta. Ya ci gaba da dafawa. Ya ba Hashim kofi na farko, da na biyu, da na uku, duk salam kamar ruwan zafi da sukari. Ya tambaye shi sunan kakansa da aikin da yake yi. Da aka gama ya ce, "A gaida gida."

Da safe Zaituna ta kira. 

"Ka san ganyen wa ka zubar?"

"Na'a-na'a, kuskure ne."

"Malam Attahiru aminin Baba ne, Buzu, ɗan Agadas. Shekara ashirin da bakwai duk azumi sai ya aiko masa da ƙullin ganye. Bara ya rasu. Wannan ne ragowar na ƙarshe. Baba ya hana kowa taɓawa, ko da Salla bai dafa ba. Ya ce sai ranar da zai ga wanda zai ba 'yarsa."

Kafin Hashim ya buɗe baki ta ci gaba.

"Ya ce ka dakata da zuwa."

"A kan kofi ɗaya?"

"Ka sake faɗin haka, ka goge lambata."

Ta kashe wayar.

Ba ta gaya masa sauran abin da mahaifinta ya ce ba. Ya kira ta ɗakinsa, a gaban mahaifiyarta Hajiya Lami, ya ce, "Ba don ganyen ba ne, Zaituna. Ya ga abu a gidan mutane, bai san mene ne ba, bai tambaya ba, ya yanke hukunci ya zubar. Ke ma akwai abubuwa tare da ke da ba zai gane ba. Me zai yi da su?"

Ta yi kuka a ɗakin girki, tana murza alkaki. Hajiya Lami ta tsaya a kanta ta ce, "Ki share fuska, kada ki sa wa mutane gishiri a kaya. Babanku bai taɓa yi wa 'yarsa dole ba. Amma in ya ce a'a, a'a ce."

Hashim ya yi abin da ya iya. Ya ɗauko akwatin da ya taho da shi daga Sin, buta da kofuna shida na tangaran, da gwangwanin ganye mai tsada da ya ajiye don ranar aurensa. Ya kai Kabara, ya durƙusa, ya ba da haƙuri, ya tura akwatin gaban Malam Isiyaku.

"Wannan ganyen ya fi wancan kyau, Baba. A kan dutse ake noma shi."

Malam Isiyaku bai buɗe ba.

"Ganyen Attahiru ba wani na musamman ba ne," ya ce. "Irinsa ne a Kurmi, kowa na saye. Hannun da ya ƙulla shi ne babu. Ɗauki kayanka."

Da yamma saƙo ya shigo.

"Baba ya ce in daina amsa wayarka, kuma zan daina. Ba don na daina sonka ba. Abu ɗaya zan gaya maka: ka daina kawo abu. Kuma ba a taɓa korar kowa daga tabarmar Baba ba. Allah ya zaɓa mana mafi alheri, Ɗan Sin."

Ya karanta ya fi sau goma. Ya tura amsa uku. Babu wadda aka buɗe.

Mahaifiyarsa, Hajiya Uwani, ta ce ya haƙura, mata ba su ƙare ba a Kano. Ya ce to. Ranar Litinin bayan la'asar ya ajiye kayan aiki, ya canza riga, ya tafi Kabara hannu biyu babu komai.

Ya yi sallama ya tsuguna can gefe, kusa da takalma.

Malam Isiyaku ya ce, "Lafiya?"

"Baba, shayi na zo koya. In an yarda."

"Nan ba makaranta ba ce."

"To in zauna?"

"Tabarma ce."

Ya zauna.

Unguwa ta samu abin magana. Wa ya taɓa ganin mai neman aure a majalisar wanda yake so ya zama surukinsa? Wasu suka ce Turai ce ta cire masa kunya, aka ce musu ai ba Turai ya je ba, suka ce duk ɗaya ne. Malam Kabiru kuwa kullum da gaisuwarsa: "Injiniya, barka da zuwa. Yau me za a zubar?"

Hashim ya yi wa kansa doka: tambaya ɗaya a rana, sauran lokacin shiru.

"Baba, me ya sa ake ɗaga buta sama in za a zuba?"

"Don kumfa."

Washegari: "Kumfar me take yi?"

"Tana nuna ba a yi gaggawa ba."

Ya koyi cewa kofi na farko mai ɗaci ne, na biyu ake sa wa na'a-na'a, na uku kuwa kusan sukari ne zalla, har yara ake ba. Ya sha sukarin bai yamutsa fuska ba. Ya koyi zaɓen gawayin da ba ya tartsatsi. Kafin ya taɓa ko da mafici sai ya ce, "In fifita?" Kafin ya ɗauki kofi sai ya ce, "In wanke?" Wani lokaci a ce eh, wani lokaci a yi kamar ba a ji ba.

Bai ga Zaituna ba ko sau ɗaya. Abin da yake gani shi ne faranti. Kullum in shayi ya kusa, sai a ƙwanƙwasa ƙofar soro daga ciki, Malam Isiyaku ya tashi ya karɓo farantin gireba. Shekara da shekaru guda shida ce, ta mutum shida. A rana ta uku da fara zuwan Hashim, sai ga bakwai.

Malam Isiyaku ya ƙirga da ido. Ya ce, "An yi kuskure a cikin gida."

Washegari ma bakwai. Bai sake magana ba.

Hashim ya ci tasa a hankali, kamar magani.

Zaman shirun ne ya sa ya ga abin da sauran suka daɗe suna kau da kai a kansa. Hannun dama na Malam Isiyaku ya fara rawa. In ya ɗaga buta sama, zaren shayin sai ya karkace, ya sauka a tire. Sai ya rage tsayi, kumfa ta ƙi tashi. Abokansa su ɗauko zancen farashin masara.

Wata Laraba shayin ya zube har a rigarsa. Mikail ya matso, ya kama butar daga hannunsa.

"Kawu, kawo. Ka huta haka nan, ai mun girma."

Ba da mugunta ya yi ba. Kuma ya iya. Ya ɗaga butar har kusan kafaɗa, shayin ya sauka tsakiyar kofi, kumfa ta taso fara tas. Kowa ya yaba. Malam Isiyaku ya karɓi nasa ya sha, ya ɗora hannayensa a cinya, ya rufe na dama da na hagu.

Daga ranar Mikail ke dafawa. Shayin ya yi daɗi. Mai gidan ya ƙara zama shiru.

Ana cikin haka Hajiya Uwani ta dawo daga wani suna da labari. "Iyayen yaron nan mai yadi sun kai goro gidan su Zaitunarka. Kowa ya sani sai kai. Kana can kana wanke kofi."

Hashim bai je Kabara ba ranar. Bai je ba washegari. Ya hau rufin wani gida a Kabuga yana ɗaure farantan sola, ya ɗaura biyu a juye, sai da ya kwance. Ya ɗauko waya ya rubuta: "Allah ya sanya alheri." Ya daɗe yana kallon rubutun. Sai ya tuna abin da ya jawo masa wannan duka. Ya ji labari, bai tambaya ba, yana shirin zubarwa. Ya goge.

A rana ta uku ya koma.

Malam Kabiru ya tarbe shi tun daga nesa. "Injiniya! Girebarka ta yi kwana biyu tana jiranka. Ni na taimaka mata."

"Bakwai ake fitowa da ita?"

"Bakwai. Jiya ma bakwai."

Hashim ya tsuguna kusa da shi ya rage murya. "Malam, in tambaya? Maganar goron nan gaskiya ce?"

"An kawo. Mai gidan ya ce sai ya tambayi yarinya. Ya tambaye ta. Ta ce Yaya Mikail yayanta ne, kuma yayanta zai ci gaba da zama." Ya ɗaga kafaɗa. "An raba goron a masallaci. Mikail ya tafi Legas saro kaya, ya ce zai kwana biyu."

Hashim ya koma mazauninsa kusa da takalma.

Malam Isiyaku ya fito. Ya dubi kurfoti, ya dubi butar da ya yi mako uku bai taɓa ba. Ya zauna.

"Yau babu shayi," ya ce. "A yi hira kawai."

 Shekara talatin ba a taɓa jin haka ba, ko ranar da aka yi ruwan da ya rushe katangar makwabta.

Hashim ya iya dafawa yanzu. Ya kalli yadda ake yi sau arba'in. Butar na nan kusa da hannunsa. Bai taɓa ta ba.

"Baba, tambayata ta yau."

"Ina ji."

"In kai ka zuba, ni kuma na riƙe kofin a hannu ina bin ruwan duk inda ya yi, kumfa za ta tashi?"

Malam Isiyaku ya daɗe yana kallonsa.

"Za ka ƙone."

"Hannuna ne, Baba."

 Can Malam Isiyaku ya ce, "Hura wutar."

Ya zuba ganyen Kurmi. Ya tsiyaye ruwan farko a kofi, ya ajiye shi a bakin tire, daidai gwiwar Hashim, inda ya ajiye wancan. Hashim ya mayar da hannayensa biyu baya. Malam Kabiru ya fashe da dariya har da tari.

Aka zuba ruwa na biyu, aka girgiza, aka tsiyaye. Ya fito baƙi-baƙi, da ƙura. Malam Isiyaku ya miƙa masa.

"Wannan shi ake zubarwa. Je ka, tunda ka ƙware."

Ya je ya zubar, dattawa na yi masa kirari.

Aka mayar da ran shayin buta, ya tafasa, aka sa sukari. Malam Isiyaku ya kama mariƙin, ya ɗaga. Hannun na rawa. Hashim ya durƙusa a gabansa da kofi tsakanin yatsu, idonsa a kan bakin butar. Ruwan ya karkace hagu, ya bi shi. Ya dawo dama, ya bi shi. Wani ɗigo ya sauka a kan babban yatsansa, zafin ya ratsa har gwiwar hannu. Bai motsa ba.

"Ƙara sama, Baba."

Aka ƙara. Aka mayar da shayin buta, aka sake zubawa. Sau huɗu. A na biyar kumfa ta tsaya, kaurin yatsa guda.

Malam Isiyaku ya ɗanɗana. Ya rufe ido kaɗan. Ya zuba wa kowa.

Aka ƙwanƙwasa ƙofar soro. Ya tashi ya karɓo faranti, ya tsaya a bakin ƙofar, ya yi magana da ƙarfin da bai saba ba, yadda na ciki zai ji.

"A kawo man shafawa, wani ya ƙone. Kuma gobe a daina yin bakwai."

Hashim ya sunkuyar da kai.

Malam Isiyaku ya dawo ya zauna, ya gyara hula. "Suruki ba ya zama a majalisa ta. Abin kunya ne. Ka gaya wa manyanka su zo ranar Asabar."

Daga cikin soro aka ji wani abu ya faɗi, kamar murfin kwano, da takun gudu.

Hashim bai kai bakin titi ba wayarsa ta yi ƙara.

"Baba ya ce in amsa wayarka. Yaya hannun?"

"Ya tashi. Ban taɓa jin daɗin ƙuna irin wannan ba."

"Allah ya ƙara. Kwana arba'in da uku ina yin gireba ɗaya da ba a biya."

"Zan biya da sadaki, Na'a-na'ata."

"Sadaki daban, gireba daban. Ka sa man sau biyu a rana."

Manya suka je, aka yi tambaya, aka sa rana bayan Babbar Salla. Kafin nan Hashim ya roƙi alfarma ɗaya ta bakin Malam Kabiru: a bar shi ya riƙa zuwa riƙe kofi. Malam Isiyaku ya ce suruki ba ya zama, amma babu wanda ya hana shi durƙuso na minti goma. Haka aka yi. Yana zuwa, a tayar da kumfa, ya tafi kafin a fito da faranti.

An ɗaura aure ranar Asabar da hantsi a ƙofar gidan, a kan tabarmar nan da wasu ashirin da aka aro. Mikail ne ya dafa wa baƙi shayi, buta huɗu a jere. Da Hashim ya je gaishe shi, ya miƙa masa kofi ya ce, "Sha, ango. Wannan ba na zubarwa ba ne." Suka yi dariya, ta Mikail ba ta kai ciki ba, amma ya yi.

Bayan mako guda aka kawo gara sabon gidan ango da amarya da ke kusa da Ƙofar Kabuga: alkaki, nakiya, dubulan, buhunan shinkafa da gero. A cikin wani kwano, naɗe da tsumma, akwai 'yar buta shuɗiya, gindinta baƙi ƙirin da hayaƙi, bakinta da ɗan ɓalli.

Zaituna ta riƙe ta da hannu biyu. "Ta Malam Attahiru ce. Ita ya ba Baba ranar da suka fara haɗuwa." Ta share ido da gefen mayafi. "Baba ya ce a gaya maka kada a wanke cikinta da sabulu."

Hashim ya leƙa cikin butar. Baƙi ne, ya yi kauri.

"Da ma zan tambaya," ya ce.

"Ƙarya kake. Na ga idonka ya tafi wajen soso."

Bayan la'asar ta hura kurfoti a tsakar gida, ta tsinko na'a-na'a daga tukunyar da ta taho da ita. Ta tsiyaye ruwan farko, ta ajiye a gabansa, ta juya tana neman sukari. Da ta waiwayo kofin na nan, ya kewaye shi da tafukan hannunsa don kada iska ta huce shi.

"Ɗan Sin, cokali nawa?"

"Yadda ake yi a gidanku."

Ta zuba uku, ta ƙara na huɗu don mugunta. Ya sha duka.

Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a ta gari, ya ƙara wa Malam Isiyaku lafiya, ya jiƙan Malam Attahiru. Amin.